Haɗari ne, Kasada ce ko Tsautsayi? Tambayoyi da Amsoshi

Masu fassara labarai a gidajen rediyo, ma'aikatan lafiya da ke wayar da kai a unguwanni, ɗaliban Hausa da masu rubuta allunan gargaɗi duk suna cin karo da matsala iri ɗaya: suna so su gaya wa jama'a cewa wani abu na iya cutar da su, kuma suna so a ji a kiyaye. Ga tambayoyin da suka fi yawan yi.

Da haɗari da hatsari, wanne ne daidai?

Duk biyun daidai ne, kuma kalma ɗaya ce da ta shigo daga Larabci. Harafin da almajirai ke kira ɗa mai hannu yakan zama ɗ a bakin Bahaushe, kamar a ɗalibi da ɗabi'a da sharaɗi, wani lokaci kuma ya zama ts, shi ya sa ake jin ɗibbu ake kuma jin tsibbu. Ko a rubutun ajami, tsa ɗin nan ɗa ce aka ɗiga wa ɗigo uku a ka. Jam'in da aka fi ji shi ne haɗurra.

Wanda ya bambanta shi ne hadari marar ƙugiya, wato gajimaren da ke haɗuwa kafin ruwa ya sauka. Manomi murna yake yi in hadari ya taso daga gabas. Wayoyi da injinan buga takardu da yawa ba su da haruffa masu ƙugiya, sai a wayi gari ana rubuta kalmomin biyu iri ɗaya. In za a buga gargaɗi kuma babu tabbacin ƙugiyar za ta fito, a rubuta hatsari, babu mai ruɗewa.

Haɗari abin da ya riga ya faru ne, ko wanda ake tsoron faruwarsa?

Yana ɗaukar ma'anonin biyu, abin da ke kusa da shi ne yake rarrabewa. "An yi haɗari a hanyar Zariya" labarin abin da ya wuce ne. "Hanyar nan tana da haɗari" siffar hanyar ce. "Yaron yana cikin haɗari" kuwa na nufin abin bai auku ba tukuna amma ya kusa, a hanzarta. Inda ake samun tangarɗa shi ne gajerun kanun labarai irin su "haɗarin babur", don mai karatu bai san ko wani ne ya faɗi ko kuwa ana jan kunne ne kan hawan babur ba. Ƙara kalma ɗaya ko biyu yana warware wannan: "haɗarin da ke cikin hawan babur ba hular kwano".

Mene ne bambancin haɗari da kasada?

Haɗari yana nan ko da mutum ko babu. Kogin da ya cika ya batse yana da haɗari ko ba wanda ya je bakinsa. Kasada aikin mutum ce: ya ga haɗarin, ya auna, ya shiga da fatan samun wani abu. Shi ya sa ake cewa "ya yi kasada", ba a cewa kasada ta same shi. Manomin da ya yi binne tun ruwa bai sauka ba ya yi kasada da irinsa. Haka ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa duka a tumatir ya ɗora a mota daga Kadawa zuwa Legas, ya san in motar ta kwana biyu a hanya kayan sun ruɓe. Kalmar ba zagi ba ce, sau da yawa ma akwai yabo a cikinta. 'Yan'uwanta su ne ƙundunbala, da shahadar ƙuda, da "a sai da rai a nemo suna", kowace ta fi ta gabanta zafi.

Amma akwai kasadar dole, kuma ya kamata mai rubutu ya tausasa alƙalaminsa a kanta. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a Sahara, arewa da Arlit kan hanyar Aljeriya. Yawancinsu mata ne da ƙananan yara, da dama daga yankin Kance na jihar Damagaram. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Uwar da ta goya ɗa ta shiga irin wannan tafiya ta san hamada sarai. Yunwa ce ta rinjayi tsoro. In aka ce "sun yi kasada" aka yi shiru, an faɗi rabin gaskiya ne kawai.

To ganganci da sakaci fa?

Ganganci daga gangan yake, wato da sani da niyya. Mai ganganci ya san abin da ka iya biyo baya, kuma babu wata riba da ta kai a saka rai dominta: direban da ya wuce babbar mota a kan kwana inda ba ya hango gaba, ɗan acaɓan da ya ɗauki mutum huɗu, samarin da ke wasa da mota a tsakiyar jama'a ranar ɗaurin aure. Abin da ya raba shi da kasada (duba amsar da ta gabata) shi ne mai kasada yakan saka kansa da dukiyarsa, mai ganganci kuwa galibi har da rayukan wasu yake haɗawa.

Sakaci barin abin da ya wajaba ne: rijiya ba murfi a gidan da yara ke rarrafe, birkin da aka san ya mutu aka ce sai an dawo daga wannan lodin, wayar lantarki da ta tsinke ta kwana uku a ƙasa ba a zo an ɗauke ba. Wanda bai san akwai haɗari ba sam, shi rashin sani ne ya ci shi, kuma maganinsa ilimi. Wanda ya sani ya yi biris, maganinsa hukunci.

Yaushe ya dace a ce tsautsayi?

In abu ya faɗo ba zato, kuma babu wani mataki na hankali da zai hana shi. Reshe ya karye ya faɗo wa mai wucewa, aradu ta faɗa wa makiyayi a fili: wannan tsautsayi ne, kuma a nan ne maganar "tsautsayi ba ya wuce ranarsa" take sanyaya zuciya. Abin damuwa shi ne yadda muka shimfiɗa kalmar har ta rufe ganganci da sakaci duka. Da zarar an ce tsautsayi, an rufe bakin mai tambaya, don ba a tuhumar kowa da tsautsayi.

A ƙarshen Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai ta jihar Kano, ɗauke da ɗaliban Islamiyya daga Badau da za su je Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawanci yara, kuma an yi wa jirgin lodin da ya fi ƙarfinsa. A Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, jama'a suka fito kwasar fetur a lokacin da lita ta kai wajen naira 1,000, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Wata uku bayan haka, a Janairu 2025, irin wannan ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Abin da ya maimaita kansa haka yana da dalilan da za a iya nunawa da yatsa: lodi, rashin rigar ruwa, lalacewar hanya, rashin killace wurin da mai ya zube, da talaucin da ke sa mutum ya tunkari fetur da bokiti. Kowanne daga cikinsu akwai mai alhakin gyara shi.

Ra'ayina shi ne a raba wurare. A zaman makoki, a ce wa iyaye ƙarar kwana ce, Allah ya ba da haƙuri. Wannan shi ne ladabi kuma gaskiya ne. A labarin rediyo da rahoton bincike kuwa, a kira abin da sunansa. Ita kanta hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, a rahotanninta ta fi amfani da kalmar da ke nufin karo, maimakon wadda ke nuna abin ya auku ne haka kawai.

Wannan bai saɓa wa imani da ƙaddara ba?

Bai saɓa ba. A Suratul Baƙara, aya ta 195, an hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannuwanmu. Tirmizi ya ruwaito cewa wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙuminsa ko ya sake shi ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake, ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Akwai kuma hujjar da ba a cika kawowa ba. Suratun Nisa'i, aya ta 92, ta ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure. Ajalin mamacin ya yi, babu shakka, amma duk da haka shari'a ba ta sallami wanda abin ya faru ta hannunsa ba. In kuskure ma yana da nauyi haka, ina ga ganganci?

Barazana da haɗari ɗaya ne?

A asali barazana tana da mai yi: wanda ya zare maka ido, ya ce zai yi maka kaza. Kuma a bakin jama'a tana ɗauke da ƙanshin cika baki, shi ya sa ake cewa "rabu da shi, barazana ce kawai". Kafafen yaɗa labarai ne suka faɗaɗa ta har muka saba jin barazanar ambaliya da barazanar yunwa. Ta zauna, ba za a kore ta ba, kuma ta dace sosai a maganar 'yan bindiga da suka aika wa ƙauye saƙo.

A gargaɗin gaggawa dai ba ta da kaifi. Hukumomin NiMet da NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya duk shekara, amma "garuruwa kaza na fuskantar barazanar ambaliya" magana ce da mutum zai ji ya ci gaba da shan shayinsa. Wanda ya ga yadda ruwa ya shanye unguwannin Maiduguri cikin dare a ranar 10 ga Satumba 2024, bayan ɓallewar dam ɗin Alau, ya san ana bukatar abin da ya fi haka: ruwa na iya shigowa yau ko gobe, mutanen unguwa kaza su tashi su koma wuri kaza.

Masifa, musiba, bala'i, iftila'i, annoba: yaya ake zaɓa?

Duk suna magana ne kan abin da ya riga ya sauka. Masifa da musiba tushensu ɗaya, sai dai musiba ta tsaya a bakin malamai da wurin ta'aziyya, masifa kuwa ta shiga kasuwa har ta zama faɗa ("tana yi masa masifa") da ƙarfafa magana ("masifar tsada"). Bala'i da iftila'i suna ɗauke da ma'anar jarrabawa daga Allah. Iftila'i ne 'yan jarida suka fi so in gobara ko ambaliya ta shafi jama'a da yawa. Annoba ta cuta ce mai yaɗuwa, irin kwalara da sanƙarau. Kada a kira zazzaɓin mutum uku annoba, don ranar da ta gaske ta zo kalmar ta riga ta yi sanyi.

Waɗanne maganganu ake yi wa wanda ke cikin haɗari, da wanda ya kuɓuta?

Wanda ya rasa mafita yana tsaka mai wuya, ko a ce gaba kura baya sayaki. Majinyacin da jikinsa ya yi tsanani rai a hannun Allah yake, ko rai kwakwai mutu kwakwai. Garin da ake tsoron hari ana zaman ɗar-ɗar. Wanda ya jawo wa kansa kuwa an ce ya ɗebo ruwan dafa kansa, ko ya tari aradu da ka, kuma waɗannan biyun hukunci ne, ba a faɗa wa wanda aka zalunta. Ƙunar baƙin wake ita ce ƙarshen layi, mutum ya halaka kansa don ya halaka wani, shi ya sa aka ɗauke ta aka ba harin bam da mai kai shi ke mutuwa a ciki.

Wanda ya kuɓuta ya tsallake rijiya da baya, ya sha da ƙyar, ya auna arziki, ko a ce da sauran shan ruwansa a gaba. Ta farkon ta fi dacewa da wanda bai ma san haɗarin yana wurin ba sai bayan ya wuce, kamar wanda ya fasa shiga motar da ta yi karo.

Yaya za a faɗi girman haɗari, ko yawan yiwuwarsa, a fahimta?

Hausa tana da matakala: da wuya, mai yiwuwa, ana kyautata zato, galibi, babu makawa. In za a saka lamba, "mutum ɗaya cikin huɗu" ya fi shiga kunne a kan "kashi 25 cikin ɗari". Misalin da ma'aikatan lafiya suka fi fama da shi shi ne sikila, musamman tun da jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. In miji da mata duk rukunin jininsu AS ne, wato suna ɗauke da gadon cutar amma ba sa ciwon, a kowane ciki yiwuwar a haifi SS (mai sikila) ɗaya ce cikin huɗu, AS biyu cikin huɗu, AA (marar gadon cutar) ɗaya cikin huɗu. Mutane da yawa sukan ji wannan su ɗauka ɗa na huɗu ne zai zo da cutar, ko kuma in an haifi mai sikila ɗaya to ukun da ke tafe lafiya lau.

Ba haka lissafin yake ba. Kamar ƙwarya ce da tsakuwa huɗu a ciki, ɗaya baƙa: duk ciki sai a rufe ido a ɗauki ɗaya, sannan a mayar da ita kafin ɗauka ta gaba. Ana iya ɗaukar baƙar sau uku a jere, ana iya haihuwa shida ba a ɗauke ta ba. Kalmomin "a kowane ciki" su ne ba a yarda a bari a baya ba.

A kuma yi hattara da "ya ninka haɗarin sau biyu". Daga ɗaya cikin dubu zuwa biyu cikin dubu ninki biyu ne, daga ɗaya cikin biyar zuwa biyu cikin biyar ma ninki biyu ne, amma na biyun ne zai hana mutum barci. A faɗi daga nawa zuwa nawa.

Yaya ake cewa mutum ya kusanci abin cutarwa amma bai kamu ba tukuna?

Bahaushe da aikatau yake faɗar wannan, kuma hakan ya fi kowace doguwar kalma amfani, don yana nuna ƙofar da cutar ke bi: ya shaƙa, ya haɗiya, ya taɓa, ya yi cuɗanya da mai ita. Wanda ya yi jinyar mai zazzaɓin Lassa ya yi cuɗanya, za a sa masa ido kwana 21. Ba a cewa ya kamu sai gwaji ya nuna. Haɗa kalmomin biyu yana jawo ƙyama, ƙyama kuma tana sa mutane su ɓoye majinyaci.

Gubar dalma da aka gano a Zamfara a 2010 ta nuna muhimmancin ambaton ƙofar. A ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ana kawo dutsen zinare cikin gida a daka a niƙa. Ƙurarsa mai dalma ta bi ƙasar tsakar gida, yara masu rarrafe suna sa hannu a baki, aƙalla 400 suka rasu. "Haƙar zinare na da haɗari" ba zai ceci yaro ko ɗaya ba a wurin da zinaren ne abinci. Abin da ke ceto shi ne: kada a niƙa dutse a gida, a wanke jiki a sauya tufafi kafin a ɗauki yaro. Haka hayaƙin janareta ko garwashi a ɗakin da aka rufe lokacin hunturu. Iskar da ke kisan ba ta da wari ba ta da launi, don haka sai an faɗa ƙarara cewa rashin jin wari ba shaidar lafiya ba ce.

Me ya sa ake cewa a daina kiran guba magani?

Saboda muna cewa maganin ɓera, maganin sauro, maganin feshi, da kalmar da yaro ya saba ji in za a ba shi abin da zai warkar da shi. Ga fiya-fiya ana zuba ta a kwalbar lemo a ajiye a ƙarƙashin gado. Ba za a iya canza bakin kasuwa ba, amma a gida da wurin wayar da kai a riƙa haɗawa da kalmar guba: gubar ɓera, gubar ƙwari. A koya wa manoma launin da ke gindin takardar kwalba: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Koren ma ba abin sha ba ne, kuma jarkar da ta ƙare ba ta zama ta ruwa ko ta man gyaɗa komai wankin da aka yi mata.

A ciniki, ina iyakar kasadar da ta halatta?

Duk ciniki yana da kasada, riba da asara tare suke tafiya. Abin da aka hana shi ne wanda malaman fiƙihu ke kira garar, kuma Muslim ya ruwaito hadisin haninsa: sayar da abin da ba a san ko akwai shi ba, ko yawansa, ko za a iya miƙa shi, kamar kifi a ruwa, ɗan da ke cikin dabba, ko 'ya'yan itace tun ba su nuna alamar nuna ba. Garari da muke cewa mutum ya shiga, daga nan ya samo asali. Masu zuba kuɗi a tsarin da ke alkawarin riba mai yawa ba tare da an ga hajar da ake juyawa ba, irin MMM da ya rufe asusun mutane a Disamba 2016, sukan ce kasada suke yi. Mai kasada ya san abin da ya saya da abin da ka iya lalata shi (duba misalin tumatir a sama). Su kuwa ba su san ko ɗaya ba.

Wace kalma ta fi dacewa a allon gargaɗi?

"Hattara" ta fi "A kula" ƙarfi, "Hatsari" kuma ta fi su duka in rai ne a ciki. Sai dai kalma ɗaya ba ta isa. Allo mai kyau yana faɗar abu uku a gajarce: mene ne, me zai yi maka, me za ka yi. "Hatsari! Wutar lantarki. Tana kisa. Kada a taɓa." A guji "Ba shiga" ita kaɗai, domin a ƙasar Hausa an san ta a ƙofar gidan matan aure, inda take nufin maza baligai su tsaya a zaure, yara da mata su wuce, a bakin ramin haƙar ma'adinai ko tashar lantarki kuwa yaran ne aka fi so su tsaya.

A tuna kuma da waɗanda ba su karanta boko ba. A ƙara ajami da hoto, kuma in abin na gaggawa ne, kamar tankar da ta faɗi ko ruwan da ke tafe, a aika wa mai unguwa da limami su sa a yi shela da lasifikar masallaci, a ambaci sunan wurin da nisan da za a ja da baya.